"An buɗe shafi, kowa ya je ya cike": wa muke faɗa wa haka a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni. Kuma tun da wuri, ra'ayina ne na ƙashin kaina, ba da yawun ofishin da nake aiki nake magana ba, kada gobe wani ya ɗauki hotonsa ya kai wa oga.

Makon jiya gwaggona ta kira ni da wayar maƙwabcinta daga wani ƙauye a ƙasar Faskari. Mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki huɗu. Ta ji ana cewa akwai wani tallafi da za a ba irinsu, amma sai an cike ta intanet. Jikanta ya goya ta a mashin zuwa bakin titi, suka hau mota zuwa Funtuwa, suka shiga shagon masu kwamfuta, suka biya kuɗin cikewa. Da aka zo ƙarshe sai aka ce za a turo wasu lambobi ta layin da ke haɗe da lambarta ta ɗan ƙasa. Layin da take riƙe da shi da sunan marigayi aka yi masa rajista, kuma tuni an rufe shi. Haka suka juyo gida da yamma, a hanyar da kowa ya san ba a son dare ya yi wa mutum a kanta. Kuɗin mota ya tafi, kuɗin mai shago ya tafi, yini ya tafi.

Sunan mahaifinta gare ni, don haka Babana take ce mani. Ta ce: "Babana, ku da kuke cikin gwamnatin, wai ta san da mu kuwa?" Na yi ta kame-kame. Har yanzu ban ba ta amsa ba.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne ni ma ina cikin masu yin wannan aikin. Sau nawa muka zauna a ofis a Katsina, ƙarƙashin fanka, muka tsara sanarwa da Turanci, muka manna linki a ƙasa, muka saka a Facebook da WhatsApp, sannan muka rubuta a rahoto cewa an sanar da jama'a? Wace jama'a? Mun sanar da junanmu dai. Mun sanar da ɗalibai da ma'aikata da 'yan siyasa da yaransu. Wanda aka yi abin dominsa sai dai ya ji a bakin wani, bayan kwana goma, labarin ya riga ya canza kama, wani lokacin ma an ɗora masa farashi.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cikin masu cewa a koma zamanin fayil da layi a ƙofar sakatariya. Na ga zamanin da ake biyan albashi a kan tebur, na san abin da ke ɓacewa tsakanin akawu da aljihun ma'aikaci. Na'ura ta rage wannan. Ta rage "wa ka sani" a wurare da yawa. Matsalar ita ce mun ɗauka zamani yana nufin babbar waya da data, alhali mafi yawan mutanen da nake gani a kasuwar Sheme ko Ƙanƙara ko Sabuwa ba ita ke aljihunsu ba.

Mu duba abin da ke hannunsu da gaske. Ƙaramar waya mai madannai, wadda samari ke yi wa tsiya suna kira rakani-kashi. Caji ɗaya ya kai ta kwana uku ko huɗu. Tana da tocila, tana da rediyo, tana cin memori. Dattijon da bai iya karanta boko ba ya haddace lambobin 'ya'yansa kaf, ya iya loda kati, ya iya duba abin da ya rage masa. Bayan ita akwai rediyo, wadda ba ta taɓa barin mutanenmu ba, daga Rediyon Jihar Katsina da Companion FM zuwa Rediyon Tarayya na Kaduna da BBC da sauran tashoshin waje. Sai gidan kallo da teburin mai shayi, inda talabijin take. Sai masallacin Juma'a, da mai unguwa, da mai shela. Waɗannan su ne hanyoyin da ke akwai. Duk tsarin da bai bi ta cikinsu ba, to ba zai isa Damari ko Yankara ko Pauwa ba, ko nawa aka kashe masa.

Kuma ba sabon abu nake kawowa ba. Manoma za su tuna shekarar 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, aka fito da tsarin GES. Saƙo ake turo wa manomi a ƙaramar wayarsa, ya je wurin dillalin da aka ware ya nuna, ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. Tsarin yana da nasa ciwon: wani wurin babu sabis, wani lokacin taki ya zo bayan damina ta yi nisa, wasu kuma suka riƙa saye saƙon daga hannun talaka. Amma na san mutanen da a lokacin ne karo na farko takin gwamnati ya shiga gonarsu ba tare da sun durƙusa wa kowa ba. Ba a nemi su mallaki data ba. Hatta JAMB, da duk zamanancinta, matakin farko na rajistarta saƙo ne ake turawa zuwa 55019, wanda kowace irin waya za ta iya.

A waje ma haka ne. M-Pesa da ta canza harkar kuɗi a Kenya tun 2007 a kan ƙananan wayoyi ta tashi. Indiya ta buɗe wa manomanta layin kira kyauta tun 2004, mutum ya buga ya yi tambaya da harshensa. Habasha ta buɗe layin 8028 a 2014, manomi ya kira ya saurari bayanin shuka da taki da murya, ba sai ya iya karatu ba. Mu ma nan Najeriya Airtel ta taɓa fito da layin 321 mai ba da bayanai da murya, har da Hausa. Wato fasahar tana nan, ta tsufa ma. Abin da babu shi ne ƙaramar hukuma ko ma'aikatar da za ta ce wannan ita ce babbar ƙofarmu, shafin intanet kuma ƙofa ta biyu.

Maganar talabijin kuwa, a nan zan ɗan saɓa da wasu abokaina. Akwai masu kawo misalin Ingila, inda ƙaramar hukumar Kirklees ta jagoranci wani tsari da tsofaffi da marasa kwamfuta ke amfani da rimot ɗin talabijin su nemi gyaran gida ko su duba guraben aiki. Dabara ce mai kyau, kuma tushenta shi ne abin da nake faɗa: ka bi mutum ta na'urar da ya riga ya saba da ita. Amma can kowane ɗaki da talabijin, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Mu fa? A tambayi mutumin Sabuwa rabonsa da ganin wutar NEPA ta kwana. Shirin komawa talabijin na dijital da aka ƙaddamar a Jos tun 2016 har yau tafiyar hawainiya yake yi. A 2020 da korona ta rufe makarantu, jihohi da dama suka koma koyarwa ta rediyo da talabijin, kuma duk malamin da zai faɗi gaskiya ya san 'ya'yan wa suka kalli na talabijin ɗin: 'ya'yanmu ne na cikin gari masu janareta da sola.

Wannan ba ya nufin a yar da ita. Talabijin tana da abin da rediyo ba ta da shi, tana nunawa. Yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari wa yaro mai gudawa, yadda ake auna hannun yaro a gane tamowa, yadda tsutsar da ke cin masara take kama, yadda katin gaskiya yake da yadda na bogi yake. Irin wannan a yi shi gajere, minti biyu ko uku, da Hausar da ake yi a Karaduwa, ba Hausar fassara ba. A saka a KTTV da NTA, to, amma kada a tsaya nan. A kai wa masu gidajen kallo su saka kafin a take ƙwallo da lokacin hutun rabin lokaci. A kai wa yaran nan masu shagon caji da tura fina-finai a memori, a biya su wani abu su riƙa haɗawa da shi. Duk wanda ya zauna ƙauye ya san fim ɗin da ya fito Kano yau, jibi yana wayar matan aure a ƙauyen da mota ba ta shiga. Hanyar da ta kai fim za ta kai sanarwar rigakafi. Mu ne dai muke ganin ƙasƙanci ne gwamnati ta bi ta shagon mai caji.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ware waɗannan ƙananan hukumomi uku, don lamarinsu ya wuce na rashin data kawai.

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume, wato garuruwan da mutum zai ce bari in gudu can in yi waya. An rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, an hana sayar da fetur a jarka, har sana'ar cajin waya aka dakatar. Sai wajen Disamba aka fara maido da sabis. Ba zan shiga gardamar ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, kowa da abin da ya gani, kuma waɗanda suka yanke shawarar ba don nishaɗi suka yi ba. Shekara ba ta cika ba da kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Abin da nake so mu tuna shi ne yadda rayuwa ta kasance a watannin nan. Mun koma rubuta wasiƙa muna ba direbobi. Mutum ya hau mota ya nufi wajen Zariya ko iyakar Kano don kawai ya gaya wa ɗansa an yi rasuwa. Masu POS suka rufe. Wanda ake turo wa kuɗin cefane daga Legas ko Abuja ya zauna zuru. Mai naƙuda ba ta da yadda za a kira mata mai mota.

Me ya rage yana aiki a lokacin? Rediyo, da ƙafar mutum.

Darasin da ya kamata mu ma'aikata mu ɗauka ke nan, kuma ban ga alamar mun ɗauka ba. A yankin da aka taɓa kashe sabis wata uku, inda ko yau akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko bishiya ake samun sanda ɗaya, ba a gina hidimar jama'a a kan hanya guda. Farkon 2023 ya sake nuna mana, lokacin canjin kuɗi. Aka ce kowa ya koma tiransifa. A ƙirga mani bankunan da ke cikin Sabuwa da Faskari. Mutane suka riƙa karyar da hatsi da awaki ga duk wanda ke da tsabar kuɗi a hannu. Sannan ga haɗa layi da lambar NIN, wanda aka fara tun Disambar 2020, aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira a Afrilun 2022, aka zo aka rufe su a 2024. Manufar tana da hujja, ban musa ba. Amma wa abin ya fi faɗa wa? Matar da mijinta ya saya mata layi da sunansa. Wanda ya gudo daga ƙauyensu da rigar jikinsa, takardunsa suka ƙone. Irin su Gwaggo. A Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Kowane mataki idan ka ɗauke shi shi kaɗai za ka iya kare shi. Idan ka tara su a kan mutum ɗaya sai ka ga mun gina katanga, muna ciki muna mamakin me ya sa ba a shigowa.

To me nake so a yi? Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne.

A samu lamba ɗaya gajera, ta kyauta, wadda duk jihar za ta sani kamar yadda ake son a san 112. Ka kira, murya ta amsa maka da Hausa, da Fulatanci ga mai so. Ka ji ranar awon ciki da rigakafi a asibitin mazaɓarku, ka ji farashin takin gwamnati da inda ake sayarwa, ka kai ƙarar famfon da ya lalace ko malamin da ba ya zuwa, a ba ka lambar ƙorafinka, a kuma kira ka a gaya maka inda aka kwana. Kiran nan na biyu shi ne ran abin. In babu shi, wata uku mutane za su daina bugawa, kuma suna da gaskiya. Lamba ɗaya tana da wani amfanin: 'yan damfara sun gama da mutanenmu da "muna kira daga ofishin tallafi, karanto mana lambar BVN ɗinka". Idan kowa ya san gwamnati da lamba kaza kawai take kira, kuma ba ta tambayar lambar sirri, an rage masu kasuwa.

Sai rediyo. Kowace ƙaramar hukuma ta sayi rabin awa a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ba ya canzawa. Ba shirin yabon shugaba da kiɗa ba, mun gaji da wannan. A karanto: buhu nawa aka kawo, nawa aka ba kowace mazaɓa, nawa ne kuɗinsa, wane asibiti aka kai wa magani. A buɗe layi mutane su ce ƙarya ne ko gaskiya ne. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ake ta maganar 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi. To ga hanya mafi arha da shugaban ƙaramar hukuma zai nuna ya cancanci 'yancin. Na san ba kowa zai so ba, don ranar da aka faɗi adadin buhu a rediyo, ranar wani zai rasa abin da ya saba samu.

Amma a nan akwai wani abu da dole a yi hattara da shi, wanda mai zama Abuja ba zai tuna ba. A yankinmu sanarwa tana iya zama haɗari. Ka ce ranar kaza za a raba kuɗi a wuri kaza, ba talakawa kaɗai ke sauraren rediyo ba, na cikin daji ma suna da ita, kuma suna da masu kai masu rahoto a cikin gari. Don haka adadi da farashi da ƙa'ida a faɗe su a fili, amma rana da wuri a tura wa mai abin shi kaɗai ta wayarsa, ko ta bakin wakilin da aka sani, a kuma rarraba ranakun kada a tara jama'a. Haka mai kai rahoton tsaro: in bai tabbata sunansa ba zai fita ba, ba zai kira ba, kuma ni ba zan ga laifinsa ba. Mun san abin da ya sami wasu da aka gane sun yi magana.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, mutum. Jihar nan tana da mazaɓu 361. A kowace mazaɓa a samu mutum biyu, namiji da mace, 'yan garin, da na'urar da ke iya ɗaukar bayani ko babu sabis ta tura daga baya, da ɗan faifan sola. Su zauna a asibitin mazaɓa ko makarantar firamare, ranar kasuwa su fita. Su cike wa mutane kyauta, su ba da takarda mai lamba a hannu, don dattijo ya fi yarda da abin da zai ninke ya sa a aljihu. Na nace a kan mace saboda na san gidajenmu. Wayar gidan tana hannun maigida, shi kuma yana gona ko ya tafi cirani. Matar da ke cikin kulle ba za ta je shagon samari ta ba da hotonta da lambarta ba. Muna da matasa masu NCE da difloma zaune a kowane gari, muna da ma'aikatan lafiya da malaman gona da suka san kowane gida. Ba mutane muka rasa ba.

Wani abokin aikina da muka yi wannan gardamar ya ce mani: "Malam, duk inda ka sa mutum a tsakani ka dawo da cuwa-cuwa, shi ya sa muke son kowa ya cike da kansa." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Amma na ce masa ai yanzun ma akwai mutum a tsakani: mai shagon kwamfuta ne, da yaron ɗan siyasa mai tattara lambobin mutane a littafi, da ɗan damfara. Bambancin kawai babu wanda ya san sunansu a hukumance, babu wanda zai tuhume su. Gara wakilin da aka faɗi sunansa a rediyo, aka ce aikinsa kyauta ne, ga lambar da za a kai ƙararsa. Game da kuɗi kuwa, ban yi lissafi ba, amma duk wanda ya san farashin jif ɗaya ta ofis a yau ya san ba rashin kuɗi ne zai hana a sayi rabin awa a rediyo ba.

Gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta nuna tana son harkar fasahar zamani, kuma ta ɗauki matasan yankunan nan aikin tsaron al'umma tun Oktoban 2023, wato an yarda cewa ɗan gari ya fi sanin garinsu. Roƙona shi ne a yi irin wannan tunanin a ɓangaren hidima. Kafin a ƙaddamar da kowane sabon shafi, a ɗauki ƙaramar waya a ba wata tsohuwa a Daudawa ko Dungun Mu'azu a ce ta gwada. In ta kasa, ba ita ta faɗi ba, a koma a sake aiki.

'Yan'uwa na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da ke bibiyata, ina neman taimakonku da abu biyu: wane layi ne ke kamawa a garinku yanzu, kuma wace tashar rediyo aka fi ji da daddare? Ku faɗi sunan garin kawai, ban da sunan kowa. Ina so in haɗa in kai inda nake jin za a saurara.

Ita kuwa Gwaggo, ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan je in ɗauko ta mu yi mata sabon layi da sunanta, mu ga ko ba a rufe shafin ba tukuna.